Zumunta a Ƙafa Take: Raddi ga Masu Koyar da Adabin Italiya Ba Tare da Dante Ba

A watan azumin da ya wuce ɗan ƙanwata, wanda ke karatun digiri na biyu a wata jami'a ta arewacin Italiya, ya turo mini kundin da yake rubutawa, ya ce, "Kawu, ka duba mini kafin in kai wa malamina." Kundin a kan Primo Levi ne da yadda ya yi amfani da Dante a littafinsa na farko. Na yi murna, domin babu batun da na fi so a adabin Italiya kamar wannan. Na zauna bayan asham na karanta. Babin farko duk Julia Kristeva ce da Roland Barthes da Gérard Genette, an jera su tsaf, kowa da shekararsa da shafinsa. Babi na biyu wani dogon jadawali ne: ga layin Levi a hagu, ga baitin Dante a dama. Babi na uku ya maimaita na farko da wasu kalmomi.

Na kira shi a waya na yi masa tambaya ɗaya: "Wane laifi ne ya kai Ulisse wuta a waƙar Dante?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, ai ba a kan wannan nake aiki ba." Da na matsa sai ya faɗa mini gaskiya: bai taɓa karanta waƙa ta 26 ta Inferno daga farko zuwa ƙarshe ba. Baitocin da Levi ya ɗauko kawai ya sani, su ma daga bayanan ƙasan shafi. Kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron yana da laifinsa, na kuma faɗa masa. Amma babban laifin yana wuyan wata hanyar koyarwa da ta yaɗu a sassan adabi, daga Turai har zuwa namu jami'o'in da suka kwaikwayo tsarinsu, wadda ke ba ɗalibi sunayen dangantakar da ke tsakanin littattafai ta hana shi littattafan. Da ita nake faɗa a wannan rubutu.

Abin da ake nazari a nan Italiyawa suna kiransa intertestualità, Larabawan zamani suna cewa attanassu. Ni zan kira shi zumuncin matani: yadda wani rubutu ke ɗauke da wani a cikinsa, ko ya gaishe shi, ko ya yi masa gatse, ko ya ƙaryata shi. Bahaushe kuwa ya riga ya yanke hukunci a kan zumunci, ya ce a ƙafa yake. Wanda ya haddace sunayen danginsa bai taɓa taka ƙofar gidan ko ɗaya ba, ba a ce masa mai zumunci.

Bari in kawo abin da yaron ya rasa, don a ga girman asarar.

Primo Levi Bayahude ne ɗan Torino, masanin kimiyyar sinadarai, an haife shi a 1919. An kama shi a watan Disamba na 1943, a watan Fabrairu na 1944 aka kai shi Auschwitz, aka zana masa lamba 174517 a hannu. Ya tsira, ya koma gida, ya rubuta Se questo è un uomo, wato "Idan wannan mutum ne". Babban kamfanin Einaudi ya ƙi littafin, sai wani ƙaramin kamfani mai suna De Silva ya buga kwafi 2,500 a 1947. Sai a 1958 Einaudi ya dawo ya karɓa. A cikin littafin akwai babin da ya kira "Waƙar Ulisse". Wata rana aka aiki Levi da wani saurayi ɗan Alsace, Jean, su ɗauko wa ƙungiyarsu miya, a tukunya mai nauyin kilo 50 da ake ratayawa a sanduna biyu. Tafiyar ta kusan awa ɗaya ce, kuma a wannan sansani awa ɗaya ba dukan kowa a kanka babbar ganima ce. Jean ya ce yana son koyon Italiyanci. Levi bai fara da gaisuwa ko ƙidaya ba. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne waƙa ta 26 ta Inferno, wadda ya haddace yana ɗan sakandare. Ya riƙa jawo ta daga ƙwaƙwalwa yana fassara wa Jean da Faransanci mai ɗingishi, yana tuna wani wuri, wani wurin ya ɓace masa.

Ɗalibin da ya san baitoci ukun nan da kowa ya sani, inda Ulisse ke tunatar da mutanensa abin da ya raba ɗan Adam da dabba, zai ce Levi ya sami lallashi a kyakkyawar magana, ya rufe littafi. Haka ɗan ƙanwata ya rubuta. Wanda ya karanta waƙar duka ya san abubuwan da ke sauya fuskar babin gaba ɗaya. Mai wannan jawabi ɗan wuta ne. Dante ya sa shi can ƙasa cikin mayaudara masu mugunyar shawara, a cikin harshen wuta mai kai biyu tare da abokinsa Diomede, kuma cikin laifuffukansu akwai dokin katakon da aka ci birnin Troy da shi. Jawabin nan mai daɗi shi ne ya sa tsofaffin matuƙansa suka ƙetare mashigin Jabal Ɗariƙ, iyakar da aka ce kada ɗan Adam ya wuce, suka yi wata biyar a teku, suka hango wani dogon dutse, guguwa ta taso daga wajensa ta juya jirgin ta nutsar da su duka, kuma waƙar ta ce haka wani Mai iko ya so. To, a ce mutum yana tsaye a Auschwitz, hayaƙin ƴan uwansa na tashi a ƙasar nan da yake takawa, yana karanta waƙar da ke cewa halakar ta zo ne da nufin Mai iko. Levi kansa ya ce a wannan gaɓar ya ji kamar ya hango dalilin ƙaddararsu, yana ta ƙoƙarin ya fahimtar da Jean kafin su isa. Dutsen da Ulisse ya hango ya tuna masa duwatsun garinsu da yakan gani ta tagar jirgin ƙasa idan yana komawa Torino daga Milano, har ya roƙi abokinsa a zuci ya yi magana don ya daina tunawa. Sai suka iso layin miya, aka sanar cewa yau ta kabeji ce, babin ya rufe da baitin ƙarshe na waƙar, inda teku ya haɗe a kan matafiyan.

Akwai kuma giɓin. Levi ya ce zai ba da miyarsa ta ranar don ya tuna baitocin da suka haɗa wani wuri da ƙarshen waƙar. Mai yunwa irin ta Auschwitz ne yake faɗin haka. Rabin ma'anar babin yana cikin abin da ya manta, domin mantuwar ita ce shaidar abin da sansanin ke ci a jikin mutum bayan nama. Ta yaya wanda bai san cikakkiyar waƙar ba zai ga inda ta yage? Jadawalin hagu da dama yana nuna abin da ke nan ne kawai. Babu gurbin da zai sa abin da ya ɓace.

Za a ce mini ina gaba da ra'i. Ba na gaba da shi. Kristeva, ƴar Bulgariya da ta zo Paris, ita ta ƙirƙiro kalmar a maƙalarta kan Mikhail Bakhtin da ta fito a mujallar Critique a 1967, kuma ta buɗe ido: ta nuna cewa babu rubutun da ke fitowa daga ƙoƙon marubuci shi kaɗai. Genette a Palimpsestes na 1982 ya rarrabe nau'o'in dangantakar da kyau. Amma Genette ya rubuta wannan littafi ne bayan ya cinye ɗakunan karatu, kowane suna da ya raɗa yana da littattafai a bayansa. Ɗalibin da aka ba sunayen ba littattafan, an ba shi kube ne babu wuƙa.

Abin takaicin shi ne Italiya tana da nata malaman da suka faɗi wannan tun kafin Paris. A 1942 Giorgio Pasquali, malamin Girkanci da Latin a Firenze, ya rubuta ƴar gajeriyar maƙala mai suna "Arte allusiva", wato fasahar ishara, shekara 25 kafin ta Kristeva. Hujjarsa ita ce ishara ba ta aiki sai a kan mai karatun da ke tune da abin da aka yi ishara gare shi. Gian Biagio Conte ya ɗora a kai a 1974 da littafinsa kan ƙwaƙwalwar mawaƙa. Cesare Segre ya zo ya raba abu biyu da ake cakuɗawa: dangantakar wani matani da wani takamaiman matani, da dangantakarsa da maganganun da ke yawo a bakin jama'ar zamaninsa, waɗanda ba su da uba ɗaya. Wannan rabuwa kaɗai za ta kashe rabin jadawalin da ake cika kundaye da su, domin kalma ɗaya da ta bayyana a wurin mawaƙa biyu ba ta isa shaida cewa ɗaya ya karanta ɗaya ba. Dukkan waɗannan malamai daga karatun matani suka taso. A kundin ɗan ƙanwata babu sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Me ya kawo wannan? Ina ganin tsarin ne. Tun gyaran 1999 jami'o'in Italiya suka koma shekara uku ta digirin farko da biyu ta na biyu, irin tsarin da mu ma muka sani a lisans da mastar. Ana auna karatu da maki, kowane maki awa 25 na aikin ɗalibi, maki 180 a shekara uku. Idan aka auna karatu da awa, littafi mai waƙa 100 da baiti 14,233 ba ya shiga ma'auni, sai a yanka shi a ba da tsakure. Malamin Italiya kuma yana da abin dogaro: ɗalibansa ƴan ƙasa sun yi shekara ukun ƙarshe na sakandare suna karanta zaɓaɓɓun waƙoƙin Dante, kowace shekara da kashinta. Baƙon da ya zo daga Damagaram ko Garwa ko Dakar bai bi ta wannan ƙofa ba, kuma ba a tanadar masa wata ba. Abin da ya fi sauƙin ɗauka a wurinsa shi ne ra'i, tunda da Faransanci aka rubuta shi kuma ya riga ya ji sunayen a gida. Sai ya riƙe abin da ya sani, malami ya ga babin farko ya yi tsaf, kowa ya rufa wa kowa asiri.

Sai kwamfuta ta zo ta ƙara wa Borno dawaki. Yau cikin daƙiƙa kaɗan na'ura za ta nemo maka duk inda kalmomin Montale suka yi daidai da na D'Annunzio. Pier Vincenzo Mengaldo ya yi wannan aiki da ido da ƙwaƙwalwa, kuma amfanin aikinsa yana cikin tambayar da ya bi: me ya sa mawaƙin Ossi di seppia na 1925, wanda ya juya wa ƙawar D'Annunzio baya, yake cike da kalmominsa? Na'ura tana kawo jerin, tambayar kuwa sai mutum.

Dubi yadda ake yi wa Umberto Eco. Il nome della rosa, "Sunan fure", wanda ya fito a 1980, shi ne abincin masu jadawali, don aron da ke cikinsa a fili yake. Guglielmo da Baskerville ya ɗauko sunansa daga labarin Sherlock Holmes da kuma William na Ockham. Almajirinsa Adso shi ne Watson. Makahon tsoho Jorge da Burgos, mai gadin asirin ɗakin littattafan, Borges ne na Ajantina. Littafin da ake kisa a kansa shi ne kashi na biyu na littafin Aristotle kan fasahar waƙa, wanda ya yi magana a kan ban dariya, ya kuma ɓace. Kowane ɗalibi zai iya jera waɗannan a yini ɗaya, kuma Eco da kansa ya tona wasu a bayanin da ya fitar a 1983. Amma a wannan bayanin ya ce ya fara rubutun ne a watan Maris na 1978, watan da ƴan Brigate Rosse suka sace Aldo Moro, tsohon firaminista, wanda suka kashe a watan Mayu. Labarin da aka kafa a gidan sufaye a 1327, mai cike da ƴan bidi'ar da suka ɗauki makami da sunan talakawa da alƙalan da ke ƙona su, yana tambaya ne a kan mutanen da suka tabbata da gaskiyarsu har suka halatta jini. An kawo mai bincike irin na Holmes, wanda a labaran Ingila kullum yake nasara, aka sa shi ya gano mai laifi ta hanyar hasashen da ya zama kuskure, ɗakin littattafan kuma ya ƙone ƙurmus. Wanda bai karanta Holmes ba ba zai ji wannan faɗuwar ba, ko da ya rubuta sunan Holmes a gurbinsa na jadawali.

Yanzu ga ƙorafin da na san yana zuciyar masu karatu da yawa, kuma ba zan kewaye shi ba. A waƙa ta 28 ta Inferno Dante ya ci mutuncin Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Aliyu, cin mutuncin da ba zan maimaita ba, har Hasan Usman da ya fassara littafin zuwa Larabci a Masar ya tsallake waɗannan baitoci. Musulmi yana da haƙƙin ya ji zafi, ni ma ina ji. Amma wanda ya zaɓi ya yi digiri a adabin Italiya ya riga ya shiga gidan, kuma rufe ido ba ya goge abin da ke rubuce a bango. Sannan a nan ne ma nazarin zumuncin matani ya ba mu abin faɗa. A 1919 wani limamin Kirista ɗan Spain, Miguel Asín Palacios, ya fitar da littafi yana cewa tsarin lahirar Dante yana da alaƙa da labaran Isra'i da Mi'iraji. Italiyawa da yawa suka fusata, suka ce ta wace hanya Dante zai san su? A 1949 Enrico Cerulli ya buga Libro della Scala, wani labarin Mi'iraji da aka fassara daga Larabci a fadar Sarki Alfonso na Goma a ƙarni na 13, ya kuma shiga Latin da Faransanci. Har yau ana gardama ko Dante ya karanta shi, amma hanyar dai ta bayyana. Dante ɗin nan kuma shi ya sa Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin cikin manyan mutanen da ba a azabtar da su da wuta. Ɗalibin da ya taso yana jin labarin Mi'iraji a kowane watan Rajab yana da kunnen da ɗan ajinsa na Bologna ba shi da shi. Idan ya ƙi karanta Dante, ya bar wa wasu gardamar da ya fi su kayan shiga.

Cerulli ɗin nan babban jami'in mulkin mallakar Italiya ne a Habasha, kuma Habasha ce ta ba ni misalina na ƙarshe. A 1947, shekarar littafin Levi, Ennio Flaiano ya fitar da Tempo di uccidere, "Lokacin kisa", wanda ya ci kyautar Strega ta farko. Labarin wani hafsan Italiya ne a lokacin mamayar da ta fara a 1935. Ya tarar da wata ƴar Habasha tana wanka, ya kwana da ita, da dare harsashinsa ya same ta bisa kuskure, ya ƙarasa ta, ya binne. Sauran littafin duk tsoronsa ne da lamirinsa, ita kuwa matar kusan ba ta da baki. Bayan shekara 60, a 2007, Gabriella Ghermandi, haifaffiyar Addis Ababa mai rubutu da Italiyanci, ta fitar da Regina di fiori e di perle, "Sarauniyar furanni da lu'ulu'u", inda wata yarinya, Mahlet, ke tattara labaran tsofaffi game da mamayar. A ciki ta sake gina haɗuwar bakin ruwan, wannan karon makamin yana hannun macen Habasha. Wanda bai karanta Flaiano ba zai wuce wurin a matsayin wani fage na yaƙi. Wanda ya karanta zai gane ana mayar da martani ne ga littafin da Italiya ta karrama, da harshen Italiya, a cikin gidanta.

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Duk wanda ya ji ana rera Ishiriniya ya ji waƙar Alfazazi a cikin tahmisin Ibn Mahib, baitin wani a rungume cikin na wani. Malaman balaga sun daɗe da raba iƙtibasi da talmihi da sata. Ba wanda zai yarda da almajirin da ya ce zai yi sharhin tahmisi alhali bai san asalin waƙar ba. Abin da ba za mu karɓa a zaure ba, bai kamata mu karɓe shi don yana ɗauke da hatimin jami'ar Turai ba.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Sashen da ya ɗauki baƙon ɗalibi ya ba shi zango ɗaya na karatun Inferno duka, waƙa 34, da baki, a gaban malami, kafin a ambaci sunan wani masanin ra'i. Kada a karɓi kundi kan marubuta biyu sai ɗalibi ya nuna a jarrabawar baka cewa ya karanta su biyun. A sa Pasquali da Segre kusa da Kristeva da Genette. Kowane layi na jadawali kuma a bi shi da tambayar da na yi ta rubuta wa ɗan ƙanwata a gefen shafi: me aron ya yi a sabon wurinsa, me kuma aka bari a baya?

Shi dai na ce masa ya ajiye babin farko tukuna, ya ɗauki waƙa ta 26, baiti 142 ne kacal, ya haddace ta kamar yadda ya haddace Ahalari yana yaro, sannan ya rufe littafin ya sake karanta babin Levi. Ya ce, "Kawu, lokaci ya ƙure, wata biyu ya rage mini." Na ce masa Levi awa ɗaya ya samu, ga yunwa, ga sandunan tukunya a kafaɗa. Bai ji daɗin maganar ba, ya yi kwana tara bai kira ni ba. A rana ta goma ya turo saƙon murya, ba sallama, yana karanto waƙar da ka. Ya kai wajen dutsen ya kakare, na ji yana jan tsaki yana komawa baya.